Wuri, Raƙumi da Ƙuma: Yadda Fatauci Ya Soma Dunƙule Duniya

Gabatarwa

A yau idan aka ambaci dunƙulewar duniya wuri guda, abin da yake faɗo wa mai karatu a rai shi ne jirgin sama da wayar salula da intanet, da kuma kayayyakin ƙasar Sin da suka cika kasuwanninmu. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka cewa al'amarin ɗan jiya ne, kuma Turawa ne suka zo da shi. To amma binciken tarihi da na kimiyya ya nuna cewa saiwar abin ta fi haka zurfi. Tun tsakanin ƙarni na 8 da na 15 na Miladiyya, hanyoyin fatauci na tudu da na ruwa sun riga sun sarƙe nahiyoyi uku, wato Asiya da Afirka da Turai, ta yadda abin da ya auku a wani lungu yakan taɓa rayuwar mutanen da ko sunan lungun ba su taɓa ji ba.

Masana tarihi sukan bi diddigin wannan labari ta hanyar wasiƙun attajirai da littattafan matafiya da tsabar zinariya da ake tonowa a kufai. Ilmin halittu kuwa yana da nasa shaidun. Kowace dabba da kowane tsiro da kowace ƙwayar cuta suna da wurin asali, inda yanayi ya dace da rayuwarsu. Idan aka tsinci wani mai rai, ko ƙwansonsa, ko irinsa, a wuri mai nisan dubban kilomitoci daga mahaifarsa, to babu shakka akwai wanda ya ɗauke shi ya kai shi can, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. Wannan maƙala za ta gabatar da shaidu huɗu irin waɗannan: wuri, da raƙumi, da tsirran abinci da magani, da kuma ƙuma. Manufar ita ce a nuna cewa hanyar da ta kawo wa ɗan Adam arziki da ilmi a wancan zamani, ita ce kuma ta kawo masa annoba mafi muni a tarihi, kuma tun a lokacin aka fara koyon yadda za a zauna da abubuwan biyu.

Wuri: Kuɗin da Ya Fito Daga Teku

Kalmar "kuɗi" da muke faɗa dare da rana jam'i ce ta kalmar "wuri". Shi kuwa wuri ƙwanso ne na wata 'yar ƙaramar dabbar teku, danginsu ɗaya da dodon koɗi, wadda masana suke kira Monetaria moneta. Dabbar tana rayuwa ne a ruwan gishiri mai ɗumi, marar zurfi, a tekun Indiya da na Fasifik. Ba a samun ta a kogin Kwara ko tafkin Chadi, kuma ba a samun ta a gaɓar tekun Atlantika da ke kudu da mu. Wurin da ta fi yawa shi ne tsibiran Maldibis, waɗanda suke kudu maso yammacin Indiya.

Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, ya zauna a waɗannan tsibirai tsakanin 1343 da 1344, har ya riƙe muƙamin alƙali. Ya bayyana yadda mutanen wurin suke tattara dabbar daga teku, su zuba ta a ramuka har naman ya ruɓe, ya bar farin ƙwanso. Daga nan sai su sayar wa mutanen Bangal su karɓi shinkafa, su kuma sayar wa 'yan Yaman, waɗanda suke loda shi a gindin jiragensu maimakon yashi domin jirgi ya daidaita a kan ruwa. A can tsibiran, in ji shi, ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya. Bayan kimanin shekara 9, da ya iso ƙasar Mali da birnin Gao a bakin kogin Kwara, sai ya tarar ana ciniki da wannan ƙwanso ɗin dai, amma wuri 1,150 ne kawai a kan dinari. Ke nan darajarsa ta ninka kusan sau 350 a tsakanin wurare biyu da tazararsu ta kai kimanin kilomita 8,000.

Me ya sa ƙwanson dabba ya zama kuɗi? Amsar tana cikin ƙirarsa. Wuri ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, ba ya saurin fashewa. Girman kowane ɗaya kusan daidai yake da na ɗan'uwansa, don haka ana iya ƙirga shi ko a auna shi. Babu maƙerin da zai iya ƙera na jabu, kuma nisan mahaifarsa ya hana shi yin yawan da zai zubar masa da daraja.

Ƙasa ma ta ba da shaidar hanyar da ya biyo. A 1964, masanin halittu ɗan Faransa Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a cikin rairayin Ma'adin Ijafen, a gabashin Muritaniya. Ya sami sandunan farin tagulla fiye da 2,000 tare da tarin wuri, kuma awon shekaru ya nuna cewa kayan na wajen ƙarni na 11 zuwa na 12 ne. Wuri bai zama kuɗin yau da kullum a ƙasar Hausa ba sai daga baya. Littafin Tarihin Kano ya sanya zuwansa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18. Duk da haka, sunan da muke kiran dukiya da shi har yau yana ɗauke da tambarin wata dabba ta tekun Indiya.

Raƙumi da Iskar Teku

Kafin kaya ya yi irin wannan tafiya, dole ne a sami abin da zai ɗauke shi ya ƙetare manyan shingaye biyu, wato hamada da teku. Abin da ya buɗe Sahara ga fatauci na kai a kai shi ne raƙumi mai tozo ɗaya. An fara kiwonsa ne a yankin Larabawa kimanin shekara 3,000 da suka shige, ya kuma yaɗu a tsakanin Barbar na Afirka ta Arewa a ƙarnonin farko na Miladiyya. Masana harshe sun nuna cewa ita kanta kalmar "raƙumi" daga harsunan Barbar Hausa ta aro ta.

A shekarun 1950 masanin ilmin aikin jiki Knut Schmidt-Nielsen ya yi nazarin raƙuma a Bani Abbas ta ƙasar Aljeriya, ya warware yawancin sirrin juriyarsu. Tozo kitse ne, babu ruwa a cikinsa. Dabarar raƙumi ita ce tattalin ruwan da ke jikinsa. Idan ƙishirwa ta kama shi, yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, sannan ya hau sannu a hankali har ya wuce digiri 40 da rana, kafin ya fara gumi. Zafin da ya tara da rana sai ya sake shi cikin sanyin dare ba tare da ya yi asarar ruwa ba. Ƙodarsa tana fitar da fitsari mai kauri, kashinsa kuma busasshe ne. Yana iya rasa ruwan da ya kai rubu'in nauyin jikinsa ya ci gaba da tafiya, alhali rabin wannan asara ya isa ya jefa mutum cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Idan kuwa ya isa rijiya, yakan sha wajen lita 100 cikin 'yan mintoci.

Da wannan dabba ne ayarin da Ibn Baɗuɗa ya bi a 1352 ya tashi daga Sijilmasa, ya yi kwana 25 zuwa Tagaza, garin da aka gina gidajensa da masallacinsa da dutsen gishiri, ya kuma cika wata biyu kafin ya isa Walata. Gishiri da tagulla da tufafi da littattafai suna gangarowa kudu, zinariya da fatu da hauren giwa suna haurawa arewa. Wajibi ne a faɗi cewa har da bayi a cikin abin da ake kora ta wannan hanya, kuma da yawansu ba su kai gaci ba.

Zinariyar Afirka ta Yamma ta ratsa tattalin arzikin ƙasashen Bahar Rum. Lokacin da Mansa Musa na Mali ya yada zango a Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta aikin hajji, ya kashe zinariya mai yawan da marubuci al-Umari, wanda ya ziyarci birnin bayan shekara 12, ya ce darajarta ba ta gama farfaɗowa ba. A 1375 sai ga hoton Mansa Musa riƙe da curin zinariya a kan wata taswira da aka zana a tsibirin Mayorka na Turai.

A teku kuwa iska ce ta yi aikin raƙumi. A tekun Indiya iska takan kaɗa daga arewa maso gabas tun daga wajen Nuwamba zuwa Maris, sa'an nan ta juya ta kaɗa daga kudu maso yamma daga Afrilu zuwa Satumba. Matuƙin jirgin da ya san wannan lissafi zai tashi daga Oman ko Gujarat ya sauka Mombasa ko Kilwa, ya jira iska ta juya ta mayar da shi gida. Jiran nan na watanni shi ne ya haifar da unguwannin baƙi da auratayya da cuɗanyar harsuna a biranen gaɓa, kamar yadda zango yake yi a hanyar tudu. A 1998 masunta suka gano wani jirgi da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya a wajen shekara ta 830. Ƙirarsa ta Larabawa ce, an ɗinke katakansa da igiya ba tare da ƙusa ba, kuma yana ɗauke da tangaran ƙasar Sin kimanin 60,000. A 1414 kuma aka gabatar wa sarkin Sin da raƙumin dawa, dabbar da babu ita a ko'ina sai Afirka, kyauta daga sarkin Bangal. A shekarar da ta biyo baya wani ya sake zuwa daga Malindi ta ƙasar Kenya ta yau.

Tsakiyar nahiyar Asiya ita ma ta buɗe a ƙarni na 13, lokacin da daular Mongol ta haɗa ƙasashe tun daga Sin har bakin Baƙin Teku a ƙarƙashin gida ɗaya. Ta nan ne Marko Polo na Banis ya tafi gabas a 1271, kuma ta nan ne wani malamin Kirista mai suna Rabban Bar Sauma ya taso daga yankin Bejin har ya kai Rum da Faris a 1287.

Tsirran da Suka Yi Hijira

Fatake sukan riƙe guzuri, kuma guzuri yakan ƙunshi iri. Ta haka gonakin nahiyoyi uku suka yi musayar amfanin gona. An fara noman rake ne a tsibirin Niyugini, Indiyawa suka gano yadda ake dafa ruwansa ya zama ƙanƙara, Farisawa suka koya daga gare su, sa'an nan a zamanin daulolin Musulunci aka kai nomansa Masar da kwarin Sus na Maroko da Sisili da Andalus. Sunan ma ya yi tafiya tare da kayan: "sharkara" a Sanskirit, "shakar" a Farisanci, "sukkar" a Larabci, "sukari" a bakin Bahaushe. Lemon tsami da lemo mai ɗaci, waɗanda asalinsu yankin gabashin Himalaya ne da kewayensa, da yalon bature da alayyafon Farisa da shinkafar Asiya, duk sun bi irin wannan hanya zuwa ƙasashen Bahar Rum.

Madafar Bahaushiya cike take da irin waɗannan shaidu. "Alkama" da "albasa" da "lemo" duk kalmomin Larabci ne da suka shigo tare da abin da suke nufi. Kanumfari kuwa, wanda sunansa ya fito daga "ƙaranful", a wancan zamani ba ya tsiro a ko'ina a duniya sai a wasu 'yan ƙananan tsibirai na Maluku da ke gabashin Indonesiya. Duk ƙwayar da ta shiga yajin wani gida a Alƙahira ko Fas, daga can ta taso.

Afirka ma ta bayar. Dawa da gero da wake 'yan asalin wannan nahiya ne, kuma sun isa Indiya tun kafin Miladiyya da ƙarnoni masu yawa. Tsamiya itaciyar Afirka ce, amma ta daɗe a Indiya har Larabawa suka sa mata suna "tamar hindi", wato dabinon Indiya. Citta mai 'ya'ya, wadda take tsiro a kurmin Afirka ta Yamma, ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma ta shiga kasuwannin Turai tun ƙarni na 13, inda ake sayar da ita da tsada da sunan ƙwayar aljanna. A ɗaya gefen nahiyar, masu binciken kufai sun tono ƙonannun ƙwayoyin shinkafar Asiya na ƙarni na 8 zuwa na 10 a tsibiran Komoro da Madagaska, abin da ya dace da shaidar harshe, domin harshen Malagasi ɗan'uwan harsunan tsibirin Borneyo ne.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan saƙa ne sosai daga ƙarni na 14. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). A 1353 Ibn Baɗuɗa ya sauka Takedda, a yankin Azbin na Nijar ta yau, ya ce ana kai tagullar garin zuwa Barno da wata ƙasa mai suna Kubar, wadda masana da yawa suka ce Gobir ce. A ƙarni na 15 aka buɗe hanyar Gwanja, gishirin Azbin ya wadata, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa kasuwar Kurmi. Goro kyakkyawan misali ne na yadda yanayin tsiro yake haifar da ciniki. Itacen, Cola nitida, yana son inuwar kurmi da ruwan sama mai yawa, don haka ba ya yi a ƙasar Hausa. 'Ya'yansa kuma suna lalacewa idan suka bushe, shi ya sa fatake suke naɗe su da ɗanyen ganye suna yayyafa ruwa har tsawon watanni. Ga shi ya zama abin da ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi a ƙasar da ba ta noma shi.

Ilmin tsirrai da magani shi ma ya bi ayari. Takarda, wadda ake yi da zaren tsirrai, ta taso daga Sin ta isa Samarkand da Bagadaza a ƙarni na 8, ta kai Andalus, sa'an nan Italiya a ƙarni na 13. A kanta aka kwafi littafin al-Ƙanun na Ibn Sina, wanda aka fassara zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12, ya zama littafin koyar da likitanci a jami'o'in Turai na tsawon ƙarnoni. Ibn al-Baiɗar, haifaffen Malaga wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara bayanin magunguna da abinci kimanin 1,400, wasu daga littattafan Yunanawa, wasu daga abin da ya gani da idonsa a Afirka ta Arewa da Sham.

Sai dai a lura cewa wannan haɗuwa ba ta game duniya duka ba. Nahiyar Amurka ba ta ciki sai bayan 1492. Ke nan masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono da gwanda, waɗanda muke gani kamar kayan kaka da kakanni, babu ko ɗaya daga cikinsu a kasuwar Kurmi ranar da aka kafa ta.

Ƙuma: Fasinjan da Bai Biya Kuɗin Jirgi Ba

Duk inda aka tara hatsi, ɓera yana nan, kuma duk inda ɓera yake, ƙuma tana jikinsa. Baƙin ɓeran gida, Rattus rattus, ɗan asalin kudancin Asiya ne, kuma jiragen fatauci ne suka raba shi a tasoshin ruwa na duniya. Shi da ƙumarsa su ne babbar gadar da wata ƙwayar cuta ta bakteriya mai suna Yersinia pestis take bi ta iso ga mutum. Cutar da take haddasawa ita ce Larabawa suke kira ɗa'un.

Asalin mazaunin ƙwayar shi ne jikin wasu dabbobin daji dangin kurege da ɓera masu zama a ramuka, musamman a filayen tsakiyar Asiya. Idan ƙuma ta sha jinin dabba mai cutar, ƙwayoyin sukan hayayyafa su dunƙule su toshe mata maƙogwaro. Yunwa sai ta sa ta yi ta cizo babu ƙaƙƙautawa, kuma duk cizon da ta yi sai ta amayar da ƙwayoyin a cikin raunin. Idan ɓeran da take kai ya mutu, sai ta koma kan mutum. Bayan 'yan kwanaki mutum zai kamu da zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta kumbura masa a matsematsi ko hammata ko wuya. Idan babu magani, kimanin rabin waɗanda suka kamu sukan mutu. Idan kuwa cutar ta shiga huhu, tana wucewa daga mutum zuwa mutum ta tari, kuma da wuya a tsira.

A kusa da tafkin Isik Kul na ƙasar Kirgistan ta yau, a kan hanyar fatake, akwai wata maƙabarta da aka sami duwatsun kaburbura masu yawa fiye da kima ɗauke da shekarun 1338 da 1339, wasu an rubuta a kansu cewa annoba ce ta kashe mai kabarin. A 2022 masu bincike suka sanar cewa sun ciro sinadarin gado, wato DNA, daga haƙoran wasu daga cikin mamatan, suka sami ƙwayar ɗa'un. Da suka kwatanta ta da wadda aka ciro a 2011 daga wata maƙabartar annoba ta London, da kuma ire-iren da suke raye a yau, sai suka ga cewa ta Isik Kul tana tsaye ne a gindin reshen da ya haifi annobar Turai. A cikin kaburburan an sami lu'ulu'u da murjani da ƙwanson teku, alamar cewa mutanen garin suna hulɗa da ƙasashe masu nisa.

A 1346 annobar ta bayyana a yankin Baƙin Teku, kusa da Kaffa, tashar 'yan kasuwar Jenowa. A 1347 jiragen ruwa suka kai ta Kustantiniya da Iskandariya da Mesina ta Sisili. A watan Yuli na 1348 Ibn Baɗuɗa ya tarar da ita a Dimashƙa, inda ya ce mamata sun kai 2,000 a rana, kuma ya ga Musulmi da Yahudawa da Kiristoci sun fito tare suna roƙon Allah. Da ya nufi gida sai ya sami labarin cewa ta ɗauke mahaifiyarsa. A Tunis ta kashe iyayen Ibn Khaldun duka biyu yana saurayi. A Halab, malami Ibn al-Wardi ya rubuta risala a kanta, ita ce kuma ta yi ajalinsa a 1349. Kafin 1353 Turai ta rasa aƙalla sulusin mutanenta, wasu masana ma suna cewa rabi, kuma Masar da Sham sun yi asara kwatankwacin haka. Idan aka zana taswirar yaɗuwar cutar aka ɗora ta a kan taswirar hanyoyin ciniki, za a ga kusan abu ɗaya ne.

Darasin da Aka Koya

Mutanen wancan zamani ba su san bakteriya ba. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar a Honkon, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna rawar da ƙuma take takawa. Amma masu lura a cikinsu sun gane hanyar da cutar take bi. Ibn al-Khaɗib, waziri kuma likita a Garnaɗa, ya kafa hujja da cewa gari na gaɓar teku yakan zauna lafiya har sai jirgi ya zo daga ƙasar da ake annoba, kuma waɗanda suka keɓe kansu daga jama'a sukan tsira. Al'ummar Musulmi dama tana da hadisin da ya hana shiga ƙasar da ɗa'un ya sauka, ya kuma hana fita daga cikinta, wanda Halifa Umar ya yi aiki da shi lokacin annobar Amwas ta Sham.

Biranen da suke rayuwa da ciniki sun shiga tsaka mai wuya: su rufe tasha yunwa ta kashe su, su buɗe annoba ta kashe su. A 1377 majalisar birnin Ragusa, wato Dubrobnik ta ƙasar Kuroshiya ta yau, ta fito da mafita. Ta kafa doka cewa duk jirgi ko matafiyin da ya fito daga wurin annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe a wajen gari kafin a bar shi ya shigo. Daga baya wasu birane suka mayar da wa'adin kwana 40, a 1423 kuma Banis ta ware wani tsibiri ta gina asibitin killace masu cutar. Wannan shi ne mafarin tsarin killacewa da duba lafiyar matafiya da muke gani a filayen jirgin sama.

Kammalawa

Wuri da raƙumi da goro da ƙuma sun yi shaida guda: tun shekara 700 da suka wuce, ƙaddarar mutanen Asiya da Afirka da Turai ta riga ta ɗaure da juna. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne sauri. Ɗa'un ya yi shekara 8 daga Isik Kul zuwa Kaffa. Cutar Korona kuwa, wadda aka ba da rahotonta a Wuhan a watan Disamba na 2019, an tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, ba a cika wata uku ba. Shi ma ɗa'un bai ƙare ba, ko da yake yanzu yana jin maganin kashe bakteriya idan aka fara da wuri: a 2017 ya kama mutum fiye da 2,000 a Madagaska, ya kashe kimanin 200.

Al'ummar da take cin alkama da albasa, take tauna goro, take kiran dukiyarta da sunan ƙwanson tekun Indiya, ba za ta iya cewa za ta rufe ƙofa ta zauna ita kaɗai ba. Abin da ya rage mata shi ne abin da mutanen Ragusa suka yi: a bar hanya a buɗe, amma a sa ido a bakinta. A zamaninmu wannan yana nufin ɗakunan gwaje-gwaje masu aiki, da ma'aikatan da suke duba mutane da dabbobi da irin shuka a kan iyakoki, da rumbuna da kasuwannin da aka tsare daga ɓera, da kuma ɗaliban da suka san rayuwar ƙwaro da ƙwayar cuta. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma tarihin ƙarni na 14 ya nuna irin farashin da ake biya idan aka makara.